Sawakin, da 'Ya'yan da Aka Bari a Gida

A 'yan shekarun nan ya daina zama abin mamaki a ji cewa wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa daga cikin 'ya'yan ƙasarmu, wanda Allah ya buɗa masa a Kaduna ko Abuja, ya ɗauki maiɗakinsa sun tafi Zanzibar ko wani tsibiri na tsakiyar teku sun yi mako guda suna shan iska, alhali kuwa 'ya'yansu an rarraba su, wani wurin kaka, wani wurin gwaggo. Kuma duk sa'ad da irin wannan labari ya iso majalisar dattawa a Jangeru ko Shinkafi, ba a rasa wanda zai girgiza kai ya ce wannan ɗabi'ar Nasara ce, mu ba mu gaje ta ba. Rabin maganarsa gaskiya ne, domin tafiya don hutu kurum, wadda babu fatauci a cikinta, babu neman ilmi, babu cin rani, babu sa da zumunci, lalle ba mu gaje ta ba. Amma mutum ya damƙa 'ya'yansa a hannun dangi, ya kama hanya shi da matarsa su biyu, har su je su yi kwana da kwanaki a bakin ruwan gishiri suna duban wani tsibiri mai fararen gidaje, wannan kam kakannin mai girgiza kan sun yi shi tun ba a haifi ubansa ba. Sunan tsibirin nasu Sawakin, abin da ya fitar da su daga gida kuwa shi ne na biyar daga shika-shikan Musulunci.

Ga mutumin wannan yanki, wanda idonsa ya saba da Gulbin Gagare da na Bunsuru, kalmar tsibiri ba ta wuce ma'ana biyu ba: ko dai tudun rairayin nan da ruwa ke kewayewa idan damina ta yi nisa, ko kuwa Tsibirin Gobir da ke can kusa da Maraɗi, inda Gobirawa suka sake kafa sarautarsu bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, faɗuwar da Muhammadu Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, yana cikin manyan waɗanda suka jawo ta. Teku kuwa a littafi ake jin ta, a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna, da ta Annabi Yunusa da kifi. Saboda haka wanda ya je ya gan ta da idonsa ya dawo, shi da matarsa, sun zama abin nuni har ƙarshen rayuwarsu.

Mas'alar barin yara a gida malamanmu sun san ta tun kafin hanya ta buɗe, gama tana cikin littattafan da ake biyawa a zaure. Hajji bai wajaba ba sai da istiɗa'a, wato iko, kuma Malikawa sun fassara ikon nan da faɗi fiye da sauran mazhabobi: mutum ya iya isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, ko da a ƙasa ne, ya kuma amince wa ransa da dukiyarsa a hanya, har ma wanda ba shi da guzuri ba shi da abin hawa, matuƙar yana da sana'ar da za ta ciyar da shi zango zango, an lissafa shi cikin masu iko. Shaihu Halilu a Muhtasar ya kai maganar inda ta fi tsanani, ya nuna cewa farillar ba ta faɗuwa a kan mutum ko da tafiyar za ta mayar da shi matalauci, ko da zai bar 'ya'yansa suna cin sadakar jama'a, muddin ba ya jin tsoron halaka a gare su. Wanda ya karanta wannan a ƙasar da kowa ke zaune da matarsa da 'ya'yansa kaɗai sai ya ga rashin tausayi. A ƙasar da ake zaman gandu, gida ɗaya ya tara uba da 'ya'yansa da matansu da jikoki, hukuncin bai yi wa kowa nauyin da ake zato ba, don yaron da aka bari bai rasa mai ba shi fura ba.

Duk da haka, a zamanin daular Sakkwato masu zuwa ba su da yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru wajen biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya taɓa ɗaura niyya yana saurayi, ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas, sa'an nan ya komo saboda bai sami iznin mahaifinsa ba. Shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello babu wanda Allah ya nufa da sauke wannan farali. Tafiya gabas ta jama'a mai yawa sai a 1903, da Nasara suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya ratsa ta Zamfara mutane suna barin gonaki suna bin sa, har aka yi shahadarsa a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a Sudan suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Waɗannan ba su bar kowa a baya ba, da goyo da tsohuwa da akuya duka suka ɗiba, domin hijira suka yi, kuma mai hijira ba ya waiwaye.

Mahajjacin da nake magana a kansa wani iri ne dabam, kuma zamani ne ya haife shi. Faransawa suka ci Wadai a 1909, Ingilishi suka kashe Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916, hanyar gabas ta zama mai biyuwa ga talaka; dogo ya isa Al'ubayyid ta ƙasar Kurdufan a 1912, ya kuma iso Ƙaura Namoda a 1929, inda ya tsaya bai ƙara gaba ba, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da Isa da abin da ke bayansu. A nan ne manomi ya fara riƙe tsabar kuɗi masu kauri a hannunsa bayan kaka, ya fara lissafin cewa idan ya tara na shekara uku ko huɗu, ya sayar da ɗan bijimi ya ƙara, zai iya zuwa ya dawo. Da dawowa ta shiga cikin lissafi, sai tambaya ta taso wadda mai hijira bai taɓa yi wa kansa ba: a tafi da yara, ko a bar su?

Masu tafiya da su suna da yawa, kuma ba a zarge su ba, gama da wuya uwa ta rabu da na goye. Amma an ga abin da ke biyo baya. Hanya tana cin yara, da zazzaɓi da gudawa da agana da ƙishirwar dajin da ke tsakanin Abashe da Fashir. Bakuna sun yi yawa, guzuri ya ƙare da wuri, sai a tsaya neman na gaba. Ga kuma gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925 bayan an gama madatsar Sinnar, suna neman hannu ido rufe, iyali guda su shiga tsinkar auduga da niyyar kaka ɗaya, kaka ta zama goma, 'ya'ya su tashi da Larabci a baki, a aurar da su can, shi ke nan an zama Fallata, kamar yadda ake kiran mutanenmu a Sudan. Akwai kuma wani tsoro da ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba, shi ne cewa ba a haramta bauta a ƙasar Saudiyya ba sai a 1962, kuma labari ya sha isowa gida na yaran Takari da suka ɓace a Hijaz, wasu sace su aka yi, wasu kuwa waɗanda aka ba amanarsu ne suka ci amana. A ganina, bayan duk waɗannan dalilai akwai wani wanda dattawa suka fi kowa ganewa ko da ba su furta shi ba: ɗan da aka bari a gida igiya ce a ƙafar iyayensa. Tsohon da ya ce wa ɗansa, "Ku tai, amma ku bar mani jikokina," ya san abin da yake yi.

Abin da ya sa barin ya yiwu ba tare da gari ya ɗauka abin kunya ba shi ne al'adar riƙo, wadda ta riga hajjin jirgi da ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Hausa ɗa na kowa ne, kuma ba lalle ba ne ya tashi a ɗakin da aka haife shi. Ɗan fari, saboda kunya, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, galibi ma kaka ce ke ɗauke shi. Yaye kan kai yaro gidan dangi ya yi kwanaki, wani lokaci ya zarce. Matar da ba ta haihu ba a ba ta ɗiyar ƙanenta ta riƙe har aure. Yaro namiji a miƙa shi ga malami ya tafi da shi gabas. To, mutanen da suka saba da wannan, idan aka ce za a bar yara shekara biyu, ba sabon abu aka kawo musu ba, an dai ƙara wa tsohon abu tsawo ne.

Inda gardama take shi ne wace matar za a tafi da ita. Fiƙihu ya yanke cewa a sauran tafiye-tafiye miji yana da zaɓi, amma a hajji da yaƙi ƙuri'a ake yi tsakanin mata, bisa koyi da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A aikace kuwa girma yakan rinjayi ƙuri'a, a ce uwargida ta fara, amarya ta jira rabonta. Wani gidan kuma a duba wadda ba ta da ciki ba ta da goyo. Ko ta yaya aka yi, sakamakon ɗaya ne, kuma shi ne wurin da hankalina ya fi tsayawa: wadda ta tafi ta bar 'ya'yanta, sau da yawa a hannun wadda ba a tafi da ita ba. Kishiya ta wayi gari da girkin gida duka a kanta, babu miji, ga 'ya'yan abokiyar zamanta, ga idon gari a kanta yana jiran ya ga ko za ta bambanta tuwo. Tatsuniyoyinmu sun cika da muguwar kishiyar uwa, amma ban ji an yi wa waɗannan matan tatsuniya ba, alhali da yawansu sun riƙe amanar, kuma ladan hajjin da aka yi da sunan wasu, Allah ne masanin kason da ya rubuta musu a ciki.

Ana gobe tafiya maigida yakan tara 'yan'uwa a zaure, da liman ko wani malami shaida, ya yi wasiyya kamar mai barin duniya, domin a wancan zamani ba a bambanta su sosai ba: ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya nuna rumbun da za a ci da wanda ba za a taɓa ba sai damina ta kama, ya ce wane ne zai noma gonar fadama, wa zai ba da ɗiyarsa aure in miji ya fito kafin ya dawo. A cikin gida kuma matar tana bin ɗaki ɗaki tana neman gafara. Ta zo gaban wadda za ta riƙe mata yara ta durƙusa, ko da ta girme ta, ta ce, "Ga ɗiya nan na bar maki, amanar Allah. In mun komo, to. In ba mu komo ba, naki na." Ita kuma ta amsa, "Haba Yaya, da can na wa na? Allah shi kai ku lahiya, shi maido ku lahiya." Da asuba a fita tun yara ba su farka ba, don kada kuka ya karya zuciya, 'yan rakiya su kai su bayan gari, wasu har tashar Ƙaura.

Daga nan jirgi ya bi da su ta Gusau da Funtuwa zuwa Zariya, su sauya zuwa Kano, sa'an nan ƙafa ko jaki, daga baya kuma babbar mota, zuwa Yarwa, su ƙetare zuwa Fort Lami wadda ake kira Njamena yanzu, su bi ta Abashe da Adare su shiga ƙasar Sudan ta Jinaina, sai Fashir, sai Nuhud, sai Al'ubayyid inda za su sake ganin dogo. Ba tsawon hanyar ne ya fi ba ni sha'awa ba, irin zaman da ta tilasta wa mutum biyu ne. A gida miji yana zaure mata suna ciki, yana cin abinci da maza tana ci da mata da yara, ba ta kiran sunansa sai Malam ko Maigida, shi ma in uwargida ce yakan sakaya nata, kuma mai yiwuwa ne su shekara ashirin tare ba su taɓa yin hirar da ta wuce ta cefane da rashin lafiyar yaro ba. Yanzu ga su a bayan mota ɗaya, ƙwarya ɗaya, buta ɗaya, kuɗin tafiya rabi a ɗamararsa rabi a lalitarta saboda ɓarayi. In ya kwanta ciwo ita ce mai jinya kuma ita ce mai magana da direba, in guzuri ya yi ƙasa ita ce za ta soya ƙosai a bakin kasuwar da ba ta jin harshen mutanenta, shi kuma ya yi ɗinki ko wanzanci ko rubutun sha. Kunya ba ta fita duka ba, amma ta yi sauƙi, har a kai ga matsayin da zai tambaye ta shawara a gaban mutane bai ji komai ba.

Inda wannan hanya ta tudu take ƙarewa shi ne Sawakin, tsohon gari a gaɓar yamma ta Bahar Maliya, ɗan ƙaramin tsibiri kewayayye a ƙuryar wani lungun teku, wanda mai tafiya a ƙasa zai zagaye shi tun shayinsa bai huce ba. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a cikinsa a ƙarni na 14, ya ba da labarin cewa babu ruwan sha babu shuka a kansa, sai an kawo da jirage. Turkawan Usmaniyya suka riƙe shi tun ƙarni na 16, ya koma hannun Masar a 1865, ya kuma sha yaƙi a zamanin Mahadi lokacin da Usman Diƙna ya matsa masa. Mutanen wurin suna da hikayar cewa nan ne Annabi Sulaimanu yake ɗaure aljanu masu taurin kai, kuma mahajjatanmu, waɗanda ba sa raina irin wannan magana, sun kawo ta gida tare da zamzam. Attajiransa sun gina benaye hawa biyu da uku da farin dutsen da ake haƙowa daga cikin teku, suka yi musu tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa waje. Amma mashigar ruwan ƙunci gare ta, manyan jiragen tururi ba sa iya ratsa ta cikin aminci, don haka Ingilishi suka gina sabuwar tasha a arewa, Bur Sudan, aka buɗe ta a 1909, ciniki ya ƙaura, aka bar wa Sawakin mahajjata da wurin killace su. Kenan lokacin da mutanen Zamfara suka fara isa da yawa, garin ya riga ya fara mutuwa, benaye a rufe, wasu sun soma zubewa.

Ba a cikin benayen suke sauka ba. Masaukinsu yana gaɓar tudu, cikin bukkoki da rumfunan tabarma tare da sauran Takari, sai dai su taka 'yar hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu su shiga kallo, ko neman takarda, ko salla a tsofaffin masallatansa. A nan ake duba fasfo, a yi musu lamba saboda agana da allura saboda kwalara, sa'an nan a jira jirgi, jiran da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Wanda ya ƙosa ko kuɗinsa suka gaza yakan bi masu sambuk, jiragen filafilan nan na Larabawa, su fita da shi da dare ta wani lungu su sauke shi inda suka ga dama a gaɓar Hijaz, kuma da yawa sun halaka ta haka, ko da yake tsakanin Sawakin da Jidda kilomita 300 ne da ɗoriya kaɗan.

To, kwanakin jiran nan su ne nake kira hutunsu, ko da yake su da kansu da sun ji ni da sun yi dariya, gama wurin zafi ne da shi mai nauyi, iska mai gishiri tana manne wa jiki, ruwan sha na saye ne. Amma a duba: manomi da matarsa, waɗanda tun suna yara ba su taɓa wayar gari babu aikin da ke jiransu ba, yau babu gona, babu daka, babu surfe, babu yaro mai kuka, babu suruka mai kira, babu abin yi sai salla da zama. Da la'asar su zauna a bakin ruwa su ga masunta na fitowa da kifaye masu launin da ba su taɓa zaton Allah ya halitta ba. Ita da ta san murjani tsakiya ce ja da ake sa wa amarya a wuya, mai tsadar da sai 'yar wane da wane, sai a ce mata ai bangon gidajen nan duka da danginsa aka yi su, ta shafa, ta ƙi yarda. Hirarsu kuwa, in an bi ta, ba ta wuce gida: ko an yi wa wane kaciya, ko wance ta fara tatata, ko gero ya yi a gonar tudu. Sun yi tafiyar wata da watanni sun rabu da yara, suka zo bakin teku suka zauna suna zancen yara, kuma an ce mini masu zuwa Zanzibar ma haka suke yi, sai dai su da waya a hannu. Da zarar an ɗaura harami kuwa, miji da mata sun zama kamar wa da ƙanwa har a sauke farali, saboda haka in akwai wani amarci a tafiyar, a nan gaɓar ya fara kuma a nan ya ƙare.

Zamanin bai daɗe ba. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar mahajjata, motoci suka rage shekaru suka mai da su watanni. Cikin shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗiba daga Kano, Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, manya suka bi, talakawa suka biyo manya, har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975. Mahajjacin yau yana ƙetare Bahar Maliya yana gyangyaɗi, bai san akwai wani gari a ƙarƙashinsa da kakarsa ta taɓa shanya zane a bakin ruwansa ba. Benayen Sawakin galibinsu sun zama tsibin duwatsu, ko da yake an buɗe sabuwar tasha kusa da su a 1991 wadda jiragen Jidda ke tashi daga cikinta.

Waɗanda suka dawo ta tsohuwar hanya, labarinsu kan riga su isowa da kwanaki, a bakin wani alhaji da ya gabace su ko a 'yar wasiƙar ajami da ta yi wata uku a aljihu. A fita tarye da dawaki da guɗa, a shigo da su gari, a buɗe tsaraba: zamzam a ɗan tulun gwangwani, dabino, bagaruwa, tasbaha, zobba, kallabi. Sai a turo yara su gai da iyayensu, kuma a nan ne farin cikin yakan sami ɗan gishiri, domin wanda aka bari yana rarrafe yanzu yana kora awaki, ya dubi Hajiya ya ga baƙuwa ce mai haƙorin zinariya, ya koma ya ɓuya a bayan wadda yake kira Inna. Ba a tilasta shi. Sau da yawa ma ba a karɓe shi ba sam, domin nauyi ya hana uwa ta ce a ba ta abinta bayan an yi mata wahalarsa shekara uku, ita kuma mariƙiya ba ta ce a zo a ɗauka ba. Yarinya ta ci gaba da kwana inda ta saba, ta riƙa zuwa ɗakin Hajiya da safe gaisuwa kamar sauran 'ya'yan gida, kuma ranar da aurenta ya zo, a ɗakin mariƙiyar aka sa ta a lalle.